Ni Ina Jiran Ciki, Ita Tana Jiran Lokotoro

Duk wanda ya taɓa zama fadarmu ta shan shayi a bakin tasha ya san bakina ba shi da murfi. In na ga akuya ta tsallake titi, kafin in kai fada ta zama raƙumi, kafin a sauke shayi na biyu raƙumin ya gaishe ni da Faransanci. Haka Allah ya yi ni. Na yi kamasho a tasha tun ina saurayi, daga baya na samu tuƙin motar wani furoje mai haƙa rijiyoyi a arewacin Adar. Aikin nan ya zo da abin da ko kakana bai yi mafarki ba, wato katin asirans, da hotona da na matata a jiki, wanda anka ce in ɗayanmu ya kwanta ciwo kamfani ke biya. Babu mai ido a Tawa da ban nuna wa katin nan ba. Har makahon ƙofar masallacinmu sai da na ba shi ya shafa.

Matata ƴar Takanamat ce, kuma duk maganar da Allah ya rage mata ni ya ƙara wa. Mun daɗe da aure. Ciki na zuwa, zama ne ba ya yi. Sai ya kai lokacin da ya fara motsi, ta kamo hannuna ta ɗora ta ce in ji, sannan wata safiya tana shara ko tana wanki ruwa ya ɓalle mata, ba ciwo ba gargaɗi, shi ke nan. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kuma kowane karo kafin a kai nan na riga na shelanta a fada. Na ba yaron muƙamin gwamna, na yi mishi aure, na zaɓi ragon suna da ido a kasuwar dabbobi, wani mai ƙaho kamar sitiyarin tirela.

Bayan na ƙarshe, wata tsohuwar ungozoma ta asibitin unguwarmu, wadda kowa ke ce wa Tanti, ta zaunar da mu mu biyu.

“Ku saurara. Bakin mahaifarta ne ba ya riƙewa. Da ɗan ya yi nauyi sai ya buɗe. Akwai ɗinkin da ake yi, amma ba aikina ba ne, aikin lokotoron mata ne, jinekolog na gaske, ba kowane mai farar riga ba. Kuma da wuri ake yi. Da ta ga ɓatan wata ku tafi.”

Na ce, “Tanti, in ɗinki ne ai ina da tela a kasuwa, har aiki zai sa mata a wuya.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Kai wata rana bakinka za a ɗinke.”

Surukata, Inna, tana da nata bayanin can Takanamat. A wurinsu ba a faɗin ciki. Mace na iya kai wata shida maƙwabciyarta ba ta ji daga bakinta ba, in an tambaye ta ta ce fura ce ta karɓe ta. Ga Inna, bakin mutane ne ke zubar da cikin ɗiyarta. Wa ke kai wa mutane labari? Ba ta taɓa faɗa a gabana ba, tsakaninmu akwai kunya, amma ko jakin gidansu ya san wa take nufi.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ni ban sani ba a lokacin. Ranar da Inna ta aiko cewa ƙafarta ta kumbura, a turo mata ɗiyarta ta taya ta aikin kaka, ƙafar Inna lafiyarta lau. Matata ce ta yi ɓatan wata, ta gaya wa uwarta ta waya, sunka yanke cewa wannan karon mijin ba zai ji ba. Ni da kaina na kai ta tasha, na yi faɗa da yaran mota har na samo mata gidan gaba. Ba ta manta maganar Tanti ba. Mota na shirin tashi ta leƙo ta taga.

“Maigida, ka nemo mana lokotoron nan.”

“An gama, ranki shi daɗe.”

“In ka samo ka gaya mini.”

A ranta ta raba gardama tsakanina da uwarta. Za ta yi shiru kamar yadda Inna ke so, ranar da na ce na samo lokotoro sai ta faɗa mini. Ta ɗauka aikin sati ɗaya ne. Ba ta san wa ta aura ba.

Ni kuwa na ce tunda babu ciki tukuna, wannan karon sai na tace lokotorocin Tawa kamar garin tuwon sarki. Ina da dalili. Taubashina, ɗan Bambeye mai kabu-kabu, ya taɓa kai matarshi wurin wani mai farar riga da injin hoton ciki a wani shago. Mutumin ya ce tagwaye ne. Taubashina ya yi wata da watanni shina tafiya kamar ya haɗiyi tabarya don taƙama. Ashe ba ciki ba ne ma, ƙari ne, da ƙyar anka ceto ta. Daga baya anka gane mutumin gadon marasa lafiya shike turawa a wani gari kafin ya sayi tsohon inji. Na sha faɗa a fada cewa injin nan hoto ɗaya ne a cikinshi, ko tulu ka ɗora wa sai ya nuna tagwaye. A garin nan duk wanda ya sa farar riga dokta ne. Mahaucin unguwarmu ma in ya wanke tashi sai ka ji yara na ce mishi dokta. Ni da na yi kamasho, na sayar wa mutum kujerar da na riga na sayar wa wani, ba za a yi mini wannan ba.

Na fara da matanite, babban asibitin haihuwa na gwamnati. Can kam ba a tambayar takarda, lokotoroci ne na gaske, sai dai ƴan kaɗan ne, kuma jihar gaba ɗaya kansu take. Mata tun daga Abalak har Ƙonni, a benci, a tabarma, a gindin kowace itaciya. Na rantse a fada cewa na ga wata ta shiga layi da ciki, kafin a zo kanta yaron ya yi kaciya. Na kutsa har taga na nuna katina. Mai tagar ya ce nan ba a aiki da shi, ka biya, ka kai wa kamfaninka takardu su mayar maka. Wata tsohuwa a bayana ta ja mini riga.

“Ɗana, kai ne mai cikin? In ba kai ba ne matsa mana.”

Na ce, “Iya, shinkafa ce, amma tana motsi.”

Mata sunka fashe da dariya, na fito ina jin daɗin kaina. Na ce mai kati ba ya zama a tabarma. Ai akwai lokaci.

Sai na koma kilinik-kilinik na kuɗi, duk ranar da ba ni da tafiya. Ta farko tayil har bango, sanyi kamar cikin firjin mai ƙanƙara. Wata ƴar gayu a tebur ta karɓi katina ta ce suna karɓa. Na ce madalla, saura in ga difilom ɗin dokta, takardar shaidar karatunshi.

“Kai ɗan sanda ne?”

“Direba ne, ƙanwata. Ni ma kullum ana tambayata takarduna, ban taɓa fushi ba.”

Ta nuna mini bango. An rataye shi can sama kusa da silin, inda sai ƙadangare zai karanta. Na tuɓe takalmi na hau benci. Ina cikin haɗa baƙaƙe da ɗan Faransancina na firamare sai ga dokta ya fito, ya tsaya shina kallona a saman bencinshi. Mutumin kirki ne, bai ɓoye ba. Ya ce shi lokotoron kowa da kowa ne, shina duba mata, amma ɗinkin da nike magana ba ya yi. Na sauko na gode mishi. Masu karɓar kati ba su da jinekolog.

Ta biyu tana da jinekolog, na gaske, amma daga Yamai shike zuwa, lokaci-lokaci, kamar ruwan farkon damina. Na yi sintiri har mai gadin ya fara aikena sayen goro. Ranar da na dace shina nan, mai teburin ta kalli katina, ba ta ko taɓa shi da hannu ba, da bakin biro ta turo mini shi kamar matacciyar tsaka. Ta ce kamfanin nan ba ya biyansu da wuri, sun daina. Masu jinekolog ba su karɓar kati.

Na tafi ofishin kamfanin. Ɗaki ɗaya ne a saman wani kanti, da wani saurayi mai ɗaurin wuya a cikin zafin da ke narka kwalta. Ya ce mini akwai wuraren da sunka yi yarjejeniya da su, ya faɗa mini su. Na bi ɗaya na tarar siminti ake sayarwa a ciki. Na dawo na ce mishi, “Ɗan'uwa, wannan jinekolog naka buhu-buhu ake ɗaukar shi.” Ya ce zai tambayi Yamai. Duk abin da anka ce za a tambayi Yamai, ka je ka yi noma ka girbe ka dawo.

Ban tsaya nan ba. Akwai wani abokina na makaranta da ke aikin jinya a Yamai. Duk sunan da na samu sai in buga mishi, ya je ofishin da ake rajistar lokotoroci ya duba mini ko mutumin na nan, kuma mi ya karanta. Wani lokaci ya amsa da wuri, wani lokaci sai na bi shi da zagi. Kowane dare a fada, kai, kowane yammaci, ina da sabon labari. Har wasu ke zuwa daga wata unguwa don su ji inda aka kwana da neman lokotoro. Ban taɓa yin kasuwa irin ta lokacin ba.

A tsakanin nan aiki na kai ni daji, wani lokaci sati da sati. In hanya ta bi ta Takanamat sai in tsaya gaisuwa. To ku da kunka san gidan surukai a Adar kun san yadda abin shike. Tun daga nesa ka tuɓe takalmi. Ka durƙusa daga bakin ƙofa, idonka a ƙasa, ka gaida Inna tana daga cikin ɗaki. Ba ka cin abinci, ba ka zama, ba ka ɗaga kai ka kalli matarka kamar wanda bai taɓa ganin mace ba. Ni da ke iya tsayar da kasuwa da baki, a gidan nan ɗan tsako ne ruwa ya daka.

“Inna, ya ƙafa?”

“Da sauƙi.”

Matata ta kawo ruwa cikin wani hijabi da zai rufe motata har taya. Ta durƙusa ta ajiye. Na saci kallon fuskarta na ga ta ciko. Na yi ƙasa da murya.

“Ƴar Takanamat, furar gida ta karɓe ki. In kika ƙara wata ɗaya sai da tirela zan zo ɗaukarki.”

“Ka samo?”

“Saura ƙiris.”

“Wancan karon ma haka ka ce.”

“Mi kike sauri? Ai babu fasinja tukuna. Mota nike zaɓe, mai birki.”

Ta daɗe tana kallon kwanon ruwan. Na ga leɓenta ya motsa. Sai Inna ta yi tari daga cikin ɗaki, irin tarin da ba na mura ba. Matata ta ɗauki kwano ta tashi. Da zan fita gari na hango Inna ta madubi, ta fito da damin kara a ka tana tafiya kamar soja. Na ce wa abokin aikina, ka ga ikon Allah, ƙafar da ta kumbura ta fi tawa lafiya. Munka yi dariya har Tawa. Na kai labarin fada, anka sha shayi da shi.

Ita ma Inna ba wai ta ƙi lokotoro ba ne. Ɗiyarta ta gaya mata an ce a je da wuri. Sai dai a lissafin Inna, cikin da bai yi motsi ba bai ma zama ciki ba, wata huɗu da wuri ne. Tana ba ta rubutu, ta hana ta daka, ta hana ta zuwa rijiya, ko buta ba ta bari ta ɗauka. Iyakar abin da ta sani ta yi.

An gama kaka, sanyi ya shigo, sannan na samu lokotoron. Wata ƴar kilinik a bayan kasuwa, ƙofarta ko fenti babu. Taubashina ne ya ce ya sha kai mata masu ciki can, wata sabuwar dokta ce ta zo. Gajeruwa, da tabarau, da takalmin roba. In ka gamu da ita a kasuwa sai ka tambaye ta nawa take sayar da kuka. Na fara waƙata ta difilom. Ta miƙe ta ciro shi daga bango ta ɗora mini a cinya.

“Karanta, malam. In ka gama ga na biyu.”

Na buga wa abokina na Yamai a gabanta, don rashin kunya. Washegari ya ce sunanta na cikin rajista, jinekolog ce, har ya san waɗanda ta yi aiki da su. Na koma na miƙa kati ina addu'a. Mai teburin ta juya shi ta ce suna karɓa. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Saura kaɗan in yi mata guɗa.

Na ba dokta labarin matata tun daga farko, ba ƙari ko ɗaya, abin da ban saba ba. Ta ce ta san matsalar, tana yin ɗinkin, kuma mata da yawa sun haihu lafiya bayanshi.

“Ina matar?”

“Tana ƙauye. Babu ciki tukuna, shiri nike.”

“Ka kyauta. Da maza na yin haka da aikina ya yi sauƙi. Ka kawo ta ko babu ciki in duba ta.”

Ka kyauta. Na fito da kalmar nan a ka kamar rawani. Rana tsaka ce, na tsaya gindin wani itacen bedi a ƙofar kilinik na buga waya.

“Ƴar Takanamat, a tara mata a yi guɗa! Mijinki ya samo lokotoro. Mace ce, difilom ɗinta ya fi tabarmar Inna faɗi, kuma ta karɓi kati da hannu biyu.”

Sai nike jin ana daka a bayanta, da kukan awaki.

“Kina ji na?”

“To ka zo ka ɗauke ni.”

“Sai ƙarshen wata, in ƙafar Inna…”

“Maigida, shina motsi.”

“Wa?”

“An shiga wata na shida.”

Na buɗe baki. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa buɗe shi na tarar babu komi a ciki ba sai ranar.

Shugabanmu ya ba ni mota ba tare da ya tambaye ni dalili ba, fuskata kawai ya kalla. Washegari da hantsi ina Takanamat. Ta fito ba hijabin, da zane kawai da mayafi, ga abu nan a gaba, ko makahon masallacinmu zai gani. Inna ta ce za ta bi mu. Ta shiga baya ta ɗora kan ɗiyarta a cinya. Na tuƙa motar nan a kan hanyar ƙasa kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Amalanken jaki ya wuce mu, mai shi ya waiwayo ya tambaya ko mun lalace. Can kusa da gari Inna ta ce, ba da ni take ba, da tagar mota take:

“Ba wanda ya ji. Ga shi ya zauna.”

Matata ta ce tun shekaranjiya take jin nauyi a ƙasa, amma ba ciwo.

Dokta ta daɗe da ita a ciki. Da ta buɗe ƙofa ba ta ce ka kyauta ba. Ta kira ni da Inna. Matata na kwance, an ɗaga ƙafafun gadon sama, kanta ya yi ƙasa.

“Malam, ba kai ka ce mini babu ciki ba?”

“Jiya na ji, dokta.”

Ta juya wurin matata. “Ƙanwata, an gaya miki ki zo da wuri?”

“An gaya mini.”

“To mi ya tsayar da ke?”

“Jira nike ya samo ki.”

“Kai fa?”

“Ni jira nike ta samu.”

Ta cire tabarau ta murza ido. Inna ta gyara mayafi ta ce, “Dokta, a wurinmu ba a faɗi.”

“Na sani, Inna. Uwata ma ba ta faɗi nawa ba sai da na kusa fitowa. Ku ɓoye wa gari duka, ban hana ba. Amma mai allurar ba a ɓoye mata.”

Ta yi mana bayani a hankali. Bakin mahaifar ya riga ya buɗe, jakar ruwan ta leƙo. In ta sa allura yanzu za ta fasa ta. Da wata biyu baya ne, aikin ɗan lokaci ne, ta koma gida ta ci tuwonta. Yanzu sai dai a bar ta kwance haka, kai ƙasa, ko Allah zai sa jakar ta koma, sannan a gwada. Ba ta yi mana alkawari ba. Wata biyu baya, ina saman benci ina karanta difilom ɗin wani.

Munka zauna. Ni abu ɗaya na iya a duniya, kuma shi na ɗauko. Na ja kujera kusa da kanta na fara ba ta labarin jinekolog na siminti, ina kwaikwayon saurayin mai ɗaurin wuya. Ta fara dariya, irin tata mai rufe baki da mayafi. Sai ga mai jinya ta shigo da gudu.

“Malam! Kar ka sake sa ta dariya. Dariya turo shi take yi. Ko tari ba mu so.”

Shi ke nan anka karɓe mini kayan aiki. Kwana da kwanaki ina zaune gefen gadon nan hannuna a cinya kamar ɗan makaranta. Ina ba ta kunu da cokali, yana bin gefen bakinta saboda kanta na ƙasa, Inna na gogewa. Ni da Inna a ɗaki ɗaya, gwiwa kusa da gwiwa, kunya ta rasa inda za ta tsaya ta fita waje. Wata rana matata ta juyo ido ta kalle ni.

“Ka yi magana mana. Shirun nan naka tsoro shike ba ni.”

Na nema. Duk maganar da na ɗauko sai in ga akwai dariya a wutsiyarta. Na ce mata an yi sanyi yau. Ta ce e, an yi.

Wata safiya, ana shara a tsakar kilinik ɗin, ruwan ya ɓalle. Kamar sauran, ba gargaɗi. Dokta ta yi abin da za ta iya, na ga gumi har gilashin tabarau ɗinta. Namiji ne. Ya cika tafin hannuna da ɗan saura, da farce, da gira, da komi nashi, kunnuwan irin nawa masu kamar murfin tukunya. Shina buɗe baki kamar mai son ya ce wani abu. Na yi mishi kiran salla a kunne, a hankali, don ina tsoron muryata ta yi mishi yawa. Bai kai azahar ba.

Taubashina ya zo da babur. Anka naɗe yaron a ɗan ƙyallen fari, na rungume shi a ƙirji na hau baya. Duk hanyar maƙabarta mutane na ɗaga mini hannu, wani ya yi ihu daga shago, “Sarkin ƙarya, an samo lokotoron?” Bai san abin da nike riƙe da shi ba. Ba wanda ya sani. Wannan ne kaɗai ɗana da ban ba muƙami ba, ban zaɓa mishi rago ba.

Ranar sallama na tsaya gaban mai teburin ina lalube aljihu. Ta ce ba sai na ba da komi ba, kamfani ya amsa, ya ɗauki duka, gado da magani da aikin dokta. Ta miƙo mini katin da hannu biyu. Kati ya yi aiki, jama'a. Ban taɓa ganin abu ya yi aiki sumul kamar katin nan ba.

Na kai Inna tasha. Kafin ta shiga mota ta tsaya, ta ɗaga kai ta kalli fuskata, karo na farko tun da na auri ɗiyarta. Na ɗauka faɗa za ta yi, har na so ta yi. Sai ta ce, “Wannan kam ba wanda ya ji.” Ta ɗan jira ko zan ce wani abu. Ni ma na jira ko za ta ƙara. Yaron mota ya buga ƙofa, ta hau da ƙafarta mai lafiya.

Na nemi wanda zan yi fushi da shi ban samu ba. Da akwai mai farar rigar ƙarya a cikin labarin nan da na huta, in tara fada mu je mu fasa mishi inji. Babu. Uwa ta ɓoye ɗiyarta daga baki, mata ta bi uwarta ta kuma jira mijinta, miji ya tace lokotoro. Kowa na tsaron ƙofarshi, yaron ya fita ta tsakiya.

Dokta ta ce mana in an sake samu, ranar da matata ta ga ɓatan wata, ranar za mu zo, ko da ranar salla ce. Matata ta ce to. Ta kuwa riƙe. Tun daga lokacin ba ta sake ɓoye mini komi ba. Matar da da ko sunan jinin al'ada ba ta iya faɗa a gabana, yanzu kowane wata in ya zo da bakinta take gaya mini.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har na daina lissafi. Furoje ya rufe, anka karɓe motar da katin rana ɗaya. Na koma tasha. A fada sun ce na lalace, akuyata ta daina zama raƙumi. Amma duk wanda matarshi ke da matsala ni ake turo wa, don babu wanda ya san lokotorocin matan Tawa kamata, wa ya karanta mi, wa ke karɓar wane kati, wa ke zuwa daga Yamai. Ina gaya musu. Sannan in ce, je ka tambayi matarka tukuna, ka kalle ta da kyau. Sai su yi dariya, sun ɗauka wani sabon wasa ne.

Dokta tana nan bayan kasuwa, an ma shafa wa ƙofar fenti. In na bi ta wurin ta gan ni sai ta ɗaga gira daga nesa, in girgiza kai, kowa ya kama gabanshi. Ta duba matata ta ce ba ta ga abin da ya hana cikin zuwa ba. Allura na nan, zare na nan, hanyar ma na san ta ko ido rufe.

Jiya da rana matata ta kawo mini abinci. Ta durƙusa ta ajiye kwano, ta buɗe murfin, ta gyara cokali.

“Maigida, ya zo.”

Na ce, “To.”

Ta ɗan tsaya, ko zan ƙara wani abu. Sannan ta ɗauki murfin ta koma ciki.